Gyambon mai ciwon suga da na'urar lantarki

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce yana da ciwon suga, gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, kuma an tallata muku wata na'ura mai batir wai wutarta na rufe ciwo. Na daɗe ina aikin wanke ciwo a nan Yamai, ga abin da na sani.

Batun wuta a jikin mutum gaskiya ne. Lafiyayyar fata tana tura sinadarin sodiyom zuwa ciki, sai cajin cikinta ya bambanta da na wajenta, kamar ɗan ƙaramin batir. Da zarar an yanke, wutar sai ta riƙa zirarowa ta bakin ciwon. Wani Bajamushe, Emil du Bois-Reymond, ya auna ta a yankan yatsarsa tun shekarun 1840. A 2006 Min Zhao da abokan aikinsa suka nuna cewa wannan wutar ƙwayoyin fata ke bi su nufi tsakiyar ciwo. In aka juya alƙiblarta, su ma sai su juya baya. A Amurka tun 1979 aka yarda a sa na'urar lantarki ga karayar da ta ƙi haɗewa. Su Michael Levin na cibiyar bincike ta Forsyth a Amurka ma a 2007 sun sa wutsiyar talibambam ta sake tsirowa ta hanyar sauya cajin ƙwayoyinta, amma fa wannan ɗan kwaɗo ne a ɗakin bincike.

Abin da ya shafe ku kai tsaye shi ne, wutar nan cikin danshi take tafiya. In ciwo ya bushe ƙayau, ta yi rauni. Shi ya sa raina ke ɓaci in aka kawo mini ƙafa an barbaɗa mata toka ko garin kafso, an bar ta a buɗe wai ta sha iska, ga ƙurar hunturu. Sama ɓawo baƙi, kana ɗagawa mugunya ce a ƙasa. Ciwon da ake wankewa ana rufewa yadda ya dace kuwa, namansa jajawur yake, a gefensa za ki ga wata siririyar fata fara-fara tana matsowa ciki.

Na'urar da aka tallata muku, don Allah kada ku ɗora masa. Suga yakan kashe jijiyoyin ƙafa, tana iya ƙona shi bai ji ba. Inda ake amfani da lantarki ga gyambo ma, likita ke saita ƙarfinsa, kuma ƙari ne a kan sauran magani.

Ku kai shi asibiti a auna sugarsa, a duba ko jini na isa ƙafar, a yanke mataccen naman, ya daina taka wurin. In kin ji wari, ko yatsa ya soma baƙi, ko zazzaɓi ya rufe shi, kada ku bari ya kwana a gida.