Rochefort 10 ɗin nan ba malt ba ce

Kana tambaya ko baƙar kwalbar da abokin aikinka ya ba ka a Beljiyam, wadda sufayen Katolika suke yi, irin su Maltina ce tunda baƙa ce kuma an ce tana da zaƙi. A'a ɗan'uwa, giya ce tsantsa, kuma mai ƙarfi. Rochefort 10 tana da barasa kashi 11.3, giyar kwalba da aka saba gani kuwa kusan 5 take, ka ga ta ninka ta. Sauran giyar sufayen Beljiyam ma haka suke, Chimay mai shuɗin tambari 9 ce, Westvleteren 12 kuma 10.2. In kai musulmi ne ka mayar masa da abinsa cikin mutunci.

Abin da yake ruɗin mutane shi ne ɗanɗanon, na taɓa kurɓa a garin Rochefort ɗin, ƙamshinta kamar dabino da zabibi ne da ɗan ɗacin cakulan daga baya, barasar ba ta nuna kanta a baki sai ka tashi tsaye ka ji ƙafa ta yi nauyi. Shi ya sa masu shanta ba sa ɗaga kwalba, suna zubawa a kofi mai faɗin baki, ba da sanyin firiji sosai ba, su bar gasarar yis a gindin kwalbar, kwalba ɗaya ta santilita 33 sai ta kai su awa guda.