Lafiyarsa lau, albashi na shiga, amma ba a sa shi wasa

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da zuwa ƙasar sanyi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka ce tun da ka sauka Winnipeg a Kanada abokan ɗakinka suka saba maka da kallon hokin ƙanƙara, kuma akwai wani ɗan baya da ya burge ka a wasannin share fage, amma da aka shiga gasa sai ka riƙa hango shi sanye da kwat can sama wajen 'yan jarida. Ran da aka sa shi kuma, da ƙyar yake cika minti goma. Kana tambaya ko koci ne ba ya ƙaunarsa, kuma me ya hana shi tattara komatsansa ya koma wani kulob.

Ba ka faɗi sunan yaron ba, amma babu kulob ɗin da ba shi da irinsa. Ni ma da na zo Toronto a 2013, idon ɗan ƙwallon ƙafa na kawo, duk wanda na gani a ajiye sai in ce hassada ce. Sai da na yi shekaru kafin na gane cewa lissafi ne ya fara cin irin waɗannan yara, kafin a zo maganar zuciyar koci.

A gasar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, kulob na iya riƙe 'yan wasa 23 a babbar tawaga, amma 20 ne kawai ke sa kaya a daren wasa: gola biyu da mutum 18, galibi 'yan gaba 12 da 'yan baya 6. Ka ga ke nan kusan kullum akwai biyu ko uku da ko benci ba za su zauna ba. Waɗanda suka sa kaya ma ba daidai ake raba musu ba. Wasa minti 60 ne, 'yan baya biyu ne a kan ƙanƙara a lokaci guda, wato minti 120 za a raba wa mutum shida. In manyan biyu suka ɗauki 25 kowanne, masu bi musu 21 kowanne, 28 ya rage wa na ƙarshen su raba. In wasa ya yi zafi a zango na uku, wato na ƙarshe, ana neman ci ɗaya, koci sai ya manta da su gaba ɗaya. Yaron da kake so shi ne na bakwai a layin da ke ɗaukar shida. Direbobinmu na gida za su ce safaya ce: ba a tafiya babu ita, ba a kuma ɗaura ta sai wata ta fashe.

To me zai hana a mai da shi ƙaramar gasa, AHL, ya riƙa wasa kullum? A nan tarkon yake. In ɗan wasa ya wuce wasu shekaru ko yawan wasanni, ba a saukar da shi haka kawai. Dole a fara sa sunansa a kasuwa na awa 24, duk kulob ɗin da ke so ya ɗauke shi ba tare da ya ba da wani ɗan wasa a madadinsa ba, kuma na ƙasan teburi ne ke da zaɓin farko. Saboda haka shugabannin kulob sai su ga gara ya zauna a sama yana cin albashi da a ce abokan hamayya sun tsince shi a ɓagas. Ya fi ƙarfin a sake shi, bai kai a amince masa ba. Gaba kura, baya sayaki.

Da idona na ga wannan a kan Frank Corrado. Ɗan yankin Toronto ne, kulob ɗin Toronto Maple Leafs suka ɗauko shi ta wannan hanyar daga Vancouver a Oktoban 2015. Kowa ya taya shi murna, yaro ya dawo gida. Koci Mike Babcock, wanda aka kawo a shekarar kan kwantiragin shekara 8 na dala miliyan 50, bai sa shi wasa ba sai a Disamba. Ya samu wasa 39 a kakar. Kakar da ta biyo baya, biyu kacal. Magoya baya suka yi ta kiraye-kirayen a sake shi, shi ma haƙurinsa ya ƙare ya fito ya faɗa wa 'yan jarida abin ya ishe shi. Abin takaicin, da aka zo aka sa shi a kasuwar a farkon 2017, babu wanda ya taya. Watanni ana ɓoyonsa kada a sace, zaman ya riga ya zubar masa da daraja. Ranar 1 ga Maris aka yi musayarsa zuwa Pittsburgh.

Batun ya tafi da kansa kuwa, babu wannan a nan. Ba a sayen ɗan wasa da kuɗi kamar yadda ka saba gani a Firimiya, musaya ake yi, kuma sai kulob ya ga dama. A ƙa'ida mutum ba ya samun cikakken 'yancin zaɓar inda zai je sai ya kai shekara 27 ko ya yi kaka 7. Iyakarsa ya tura wakilinsa ya roƙi a yi musayarsa. Sannan akwai aljihu. Mafi ƙarancin albashi a NHL a kakar 2023 zuwa 2024 dala 775,000 ne. Matashin da ke kan kwantiragi mai fuska biyu, wato albashin NHL daban na ƙaramar gasa daban, da zarar an saukar da shi, abin da zai karɓa yana iya komawa kusan kashi ɗaya cikin goma, kuma kwana-kwana ake lissafawa. Shi ya sa da yawansu ke danne zuciya su yi shiru.

A wurin aikina na dā akwai wani bature da ya yi shekaru yana wasa a ƙananan gasa kafin gwiwa ta hana shi. Da shi muke cin abincin dare a lokacin hutu, shi da gurasarsa ni da dafadukata. Ya ce ba sai koci ya kira ka ofis ba. Da safe in ka shiga ɗakin canza kaya, allo za ka fara duba, in babu lambarka a layukan shi ke nan. Wani lokaci ma kalar rigar atisayen da aka rataye maka ce za ta gaya maka. In an gama atisayen safe, masu wasan dare su fita su je su ci abinci su kwanta, kai a bar ka da mataimakin koci kana kai da komo daga wannan bango zuwa wancan har cinya ta daina jin magana. Da yamma ka ɗaura laktaye ka hau sama ka kalli abokanka. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne ran da ya ga abokinsa ya ji rauni an kwashe shi an fita da shi, ya kama kansa yana jin wani ɗan sanyi a zuciya, don ya san gobe da shi za a yi. Da ya faɗi haka sai ya ajiye gurasar, bai ƙarasa ta ba.

Maganarsa ce ta sa na je wasan Toronto Marlies, ƙaramin kulob ɗin Leafs, inda tikiti ke da sauƙi, na zaɓi mutum ɗaya a layi na huɗu, wato rukunin 'yan gaba na ƙarshe, na riƙa auna shi da agogon waya. Duk shigar da ya yi kan ƙanƙara ba ta wuce daƙiƙa arba'in da 'yan kai ba. Ya shiga, ya ture mutum a jikin katako, ya cilla faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo can ƙarshen fili, ya fito. Sai ya zauna minti shida, bakwai, gumi na bushe masa, yana bubbuga takalmi don kada ƙafa ta daskare. A zango na biyu faifan ya kuɓuce masa a tsakiyar fili, saura ƙiris a ci su. Ban sake ganinsa a kan ƙanƙara ba har aka tashi. Tauraro ya yi wannan kuskuren sau uku a dare ɗaya, za a mayar da shi ya gyara. Na gefe sau ɗaya gare shi, kuma ya sani, saboda haka yake wasa a tsorace, tsoron kuma ya hana shi nuna abin da ya iya. Daga nan sai a ce ai ga shi an ba shi dama bai yi komai ba.

Ba wai ina wanke kociyoyi ba ne. Wasunsu akwai taurin kai da son nuna isa. Babcock ɗin nan ya ajiye Jason Spezza, dattijon ɗan wasa da ya dawo garinsu kan mafi ƙarancin albashi, a daren buɗe kakar 2019, kuma da Ottawa ake karawa, tsohon kulob ɗinsa. Har gobe ban ga hujjar wannan ba. Akwai ma abin da ya fi haka muni. Akim Aliu, haifaffen Okene, wanda wasa 7 kawai ya samu a NHL, ya fito a Nuwamban 2019 ya ce Bill Peters ya yi masa kalaman wariyar launin fata lokacin yana kocinsa a kulob ɗin Rockford na AHL, kuma cikin 'yan kwanaki Peters ya ajiye aikinsa na kocin kulob ɗin Calgary. Amma a yawancin lokuta ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Koci ya san wasa goma marasa kyau na iya raba shi da aiki, don haka ya fi son tsohon hannun da ya san iyakarsa a kan yaron da bai san abin da zai yi ba.

Ana fita kuwa? Ana fita. Justin Holl ya ci ƙwallo a wasansa na farko da na biyu a NHL a farkon 2018, ya ɗauki kofin Calder, kofin gasar AHL, da Marlies a shekarar, amma a kakar da ta biyo baya wasa 11 ya buga, aka ajiye shi sau 71 lafiyarsa lau. Ya fara samun shiga a kakar 2019, sannan a Nuwamba aka kori Babcock aka ɗauko Sheldon Keefe, kocin da ya san shi tun a Marlies. Keefe ya haɗa shi da ɗan baya Jake Muzzin yana tura su su tare manyan 'yan gaban abokan hamayya. Kafin shekarar ta fita ya sa hannu kan kwantiragin shekara 3 na dala miliyan 6. Holl bai canza ba, wanda ke rubuta allo ne ya canza.

Mu ma muna da namu a wannan layin. Rumun Ndur, ɗan baya ne haifaffen Zariya, ya tashi a Ontario, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya taka NHL. Wasa 69 ya samu tsakanin Buffalo, New York Rangers da Atlanta, sauran shekarunsa a ƙananan gasa da Turai. Kafin in fahimci wasan na raina adadin. Yanzu na san yawan safiyar da mutum zai duba allo kafin ya tara 69.

In kana son sanin inda yaronka ya dosa, daina ƙirga ƙwallayensa. Bayan kowane wasa ana fitar da mintocin da kowa ya yi, su za ka bi. Ka lura ko ana sa shi a lokacin da aka kai ɗayansu akwatin hukunci na minti 2, suna huɗu abokan hamayya biyar, domin ta wannan aikin wahalar 'yan gefe da yawa suka samu gindin zama. Ka lura ko yana kan ƙanƙara a minti biyar na ƙarshe in ana gaba da ci ɗaya. Ka kuma duba ko da dama yake riƙe sanda, don 'yan baya masu dama sun fi ƙaranci, an fi nemansu. In babu ko ɗaya a ciki har Janairu, to ka fara sa ido a kan labaran musaya kafin a rufe ƙofar musayar 'yan wasa a farkon Maris. Manitoba Moose kuma, ƙaramin kulob ɗin Winnipeg Jets na garinku, a fili ɗaya suke wasa da Jets ɗin, in an saukar da shi ba sai ka yi nisa ba. Ka sayi tikitin kusa da benci, ka tafi da safar hannu.