Ta ina mataimakin koci ke farawa a ƙwallon Amurka?

Ka tambaya ko wanda bai taɓa buga wasa a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), ba zai iya zama mataimakin koci, kuma ta ina zai fara. Zai iya, ɗan'uwa, amma daga ƙasa ake tasowa.

Galibi a makarantar sakandare ake farawa, ko a jami'a, kana karatun digiri na biyu kana taimaka wa masu horarwa. A NFL kuwa matakin farko aikin bidiyo ne. Za ka kwana gaban kwamfuta kana yanka wasannin abokan hamayya, kana rubuta yadda suka jeru a kowane hari, ka zana katunan atisayen washegari. Daga nan a damƙa maka rukuni guda, kamar masu tsaron baya, sannan ɓangaren tsaro ko na kai hari gaba ɗaya. Misali, fitaccen koci Bill Belichick ya fara a ƙungiyar Baltimore Colts ta NFL a 1975 kan dala 25 a mako. Mike Tomlin ya fara da jami'o'i a 1995, ya shiga ƙungiyar Tampa Bay ta NFL a 2001, ya zama babban kocin ƙungiyar Steelers a 2007.

Kada ka raina aikin bidiyon nan, a ganina a nan ake koyon wasan. Kuma idan aka sallami babban koci, yawanci mataimakansa ma sun tafi, don haka iyalinka su san akwai yawan ƙaura.

Idan daga waje za ka je, tuntuɓi lauyan shige da fice kan biza, kuma masani ya duba kwantiragi kafin ka sa hannu.