Dokar 1798 da ta hana sukar gwamnati a Amurka

Malam, ka tambaya ko a farkon kafuwar Amurka an taɓa ɗaure mutum saboda sukar shugaba. Ƙwarai kuwa, kuma shekara 7 kacal bayan an shigar da 'yancin faɗin albarkacin baki cikin tsarin mulki a 1791. A watan Yulin 1798, ana tsakiyar fargabar yaƙi da Faransa, Shugaba John Adams ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi ɗaurin har shekara 2 da tarar har dala 2,000 ga wanda ya wallafa ƙarya ko ɓatanci a kan gwamnati, majalisa ko shugaban ƙasa.

Dokar ba ta ambaci mataimakin shugaba ba, wato Thomas Jefferson, jagoran 'yan adawa, kuma a ganina wannan ya tona asirin manufarta. Matthew Lyon, ɗan majalisa daga Vermont, ya sha ɗaurin wata 4 da tarar dala 1,000, amma jama'arsa suka sake zaɓarsa yana kurkuku. Wa'adin dokar ya ƙare a Maris 1801, Jefferson kuma da ya hau mulki ya yi afuwa ga waɗanda aka hukunta.