Amsa: Liƙa zaren kabon a gadar da ta tsattsage

Malam, ka tambaya ko liƙa zaren kabon (wani ƙyalle mai ƙarfi da ake liƙa wa kankare da gam don ƙarfafa shi) zai ceci ƙaramar gadar da ƙasan bim ɗinta (gungumen kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) ya tsattsage har rodi ya fito. Zai iya, amma ba a kan rodi mai tsatsa ba. Tsatsa kumbura take yi, za ta ɓamɓare kankare da zaren gaba ɗaya.

A fara fasa kankaren da ya ruɓe har bayan rodin, a goge rodin ya yi fes, a cike da simintin gyara. Tsagar da ta wuce milimita 0.3 a ɗura mata gam ɗin ifoksi. A gurje fuskar, a goge kusurwoyi su lanƙwashe kamar gefen da'irar da rabin faɗinta ya kai aƙalla milimita 13, don kaifi yana yanke zaren. A gwada ƙarfin fuskar kankaren da na'urar fizga: in bai kai megafaskal (ma'aunin ƙarfi) 1.4 ba, kada a liƙa.

Zafin Sakkwato ne babban abin kula. A watan Afrilu, da rana ta haura digiri 40, gam yana daskarewa a bokiti kafin a gama shafawa. Don haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan, a inuwa, da sassafe. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke hana shi kamawa.

Bayan ya bushe a ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Inda ya yi amon holoƙo, iska ce ta maƙale, sai an gyara.

Amma don Allah a duba gindin ginshiƙai tukuna. In ruwan Rima ya zaizaye ƙasan tushe, zaren kabon ba abin da zai yi.