Kun Tambaya: Mulkin Shekara Dubu Da Ƙarshen Zamani A Wajen Kirista

Wasiƙun wannan wata daga Kumasi suka fi yawa, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: me Kirista suke jira a ƙarshen zamani? Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Ina sayar da atamfa a Kejetia. Kullum da hantsi wani mai wa'azi yakan kafa lasifika kusa da mu yana cewa Yesu zai dawo ya yi sarauta ta shekara dubu a Urushalima. Na tambayi maƙwabciyata 'yar Katolika, ta ce ba a taɓa koya musu haka ba. Wane ne ya faɗi daidai?
Wata Hajiya, Aboabo

AMSA: Hajiya, kowannensu ya faɗi abin da cocinsa ke koyarwa, kuma sura ɗaya suke karantawa. A kan dawowar Almasihu, da tashin matattu, da ranar hukunci, manyan coci-coci ba su da saɓani. Bayanin bangaskiya na Nikiya, wanda aka tsara a shekara ta 325 aka kuma cika shi a 381, ya ce zai sake zuwa ya yi wa masu rai da matattu shari'a, mulkinsa kuwa ba shi da ƙarshe. Inda aka rabu shi ne Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe a Littafi Mai Tsarki, wanda wasu ke kira Ru'ya ta Yohanna, sura 20. A nan ne aka ce za a ɗaure Shaiɗan a rami marar matuƙa, waɗanda aka kashe saboda shaidar Yesu su rayu su yi mulki tare da shi shekara dubu. Daga aya ta 2 zuwa ta 7 an ambaci shekara dubun nan sau shida.

Mai lasifikarki yana cikin masu cewa Almasihu zai fara dawowa, sa'an nan a kafa mulkin a bisa ƙasar nan da muke takawa. Suna haɗa surar da annabcin Ishaya, inda aka ce za a mai da takuba garemani, kyarkeci ya zauna da ɗan rago. Wannan fahimta tsohuwa ce, domin malaman coci na farko irin su Jastin Shahidi da Ireniyas sun riƙe ta tun ƙarni na 2. A Ghana za ki fi jin ta a bakin 'yan Fentikos, irin su Assemblies of God.

Maƙwabciyarki kuwa tana bin hanyar da Agustin ya shimfiɗa, limamin garin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430. Shi ya ce littafin Wahayi cike yake da alamu, don haka dubun nan ma alama ce ta dukan zamanin da ke tsakanin zuwan Almasihu na farko da na biyu. Ma'ana, mulkin yana gudana yanzu, kuma in ya dawo sai hukunci kai tsaye. Katikisim, wato littafin koyarwar Katolika, sakin layi na 676, ya ƙi amincewa da jiran mulkin duniya kafin hukunci, yawancin malaman Presbyterian ma nan suka fi karkata. Akwai fahimta ta uku da ta yi ƙarfi a Ingila da Amurka a ƙarni na 18 da na 19, cewa bishara za ta gyara duniya a hankali, sai bayan dogon zamanin salama Almasihu ya zo. Yaƙe-yaƙen duniya guda biyu sun rage mata magoya baya ƙwarai.

Wasu ƙungiyoyi biyu da kike gani a Kumasi suna da tasu hanyar. 'Yan Adventist masu ibada ranar Asabar suna cewa tsarkaka za su yi shekara dubun a sama, duniya kuwa ta zama kufai har wa'adin ya cika. Shaidun Jehobah, masu bi gida gida da mujallu, suna cewa mutum 144,000 kaɗai za su yi sarauta a sama, sauran masu adalci su zauna a duniyar da za ta koma aljanna. Saboda haka kafin ki ce "Kirista sun ce", fara tambaya: wane coci?

TAMBAYA: Abokina a makaranta ya ce wata rana za a wayi gari masu bi sun ɓace, direba ya bar trotro tana tafiya babu kowa a sitiyari. Ku jera mini yadda suke cewa abubuwan za su biyo juna.
Wani ɗalibi, Tafo Zongo

AMSA: Ɗanmu, abin da abokinka yake nufi shi ne fyaucewa. Tushenta 1 Tasalonikawa 4:16-17, inda Bulus ya ce za a busa ƙaho, matattu masu bi su fara tashi, sa'an nan a ɗauke masu rai tare da su cikin gizagizai su taryi Ubangiji. Masu wannan koyarwa suna cewa bayan fyaucewa za a yi shekara bakwai na tsanani, kuma sun samo bakwai ɗin ne daga mako na ƙarshe cikin makonni saba'in na Daniyel 9:24-27, suna lissafa kowace rana a matsayin shekara. A tsakiyar shekarun magabcin Almasihu zai karya alkawarin da ya ƙulla ya nemi a yi masa sujada. Rabin nan, shekara uku da wata shida, shi ne wata 42 ko kwana 1,260 da Wahayi sura 11 zuwa 13 ke maimaitawa. Ka ninka 42 da kwana 30 za ka ga lissafin ya fita. Daga nan sai yaƙin Armagedon, sunan da ake dangantawa da Magiddo a arewacin Isra'ila, sai saukowar Almasihu a fili, a ɗaure Shaiɗan, a yi shekara dubu. In sun cika a sake shi na ɗan lokaci, ya tara Gog da Magog, wuta ta cinye su. Ƙarshe shi ne shari'a gaban babban farin kursiyi, da sabuwar sama da sabuwar ƙasa.

Abin da ya kamata ka sani shi ne babu sura guda da ta jera su haka. An ɗauko guntu daga Daniyel, guntu daga Matiyu 24, guntu daga wasiƙun Bulus da Wahayi, aka haɗa. Raba dawowar gida biyu, wato fyaucewa a ɓoye da saukowa bayan shekara bakwai, wani mai wa'azi ɗan Birtaniya, John Nelson Darby, shi ne ya yaɗa shi daga shekarun 1830, sai Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ya kai shi ko'ina. Malaman da ba su yarda ba suna cewa ayar da ta ambaci ƙaho da kira mai ƙarfi ba ta yi kama da abin ɓoye ba, kuma a ganinmu wannan hujja tana da nauyi.

In kai Musulmi ne, wasu sunayen ba za su zama maka baƙi ba: Dujal, saukowar Annabi Isa, Yajuju da Majuju. Amma kada kama ta ruɗe ka. A wajen Kirista wanda ke dawowa Ubangiji ne kuma shi ne alƙalin ranar, a Musulunci kuwa annabi ne bawan Allah.

TAMBAYA: Ɗana yana koyon walda. Ya shiga wata ƙungiyar addu'a, shugabansu ya ba su watan da duniya za ta tashi. Yanzu ya daina zuwa aiki, yana so mu sayar da filin da ubansa ya bari mu kai kuɗin can. Mu Kirista ne, amma hankalina bai kwanta ba.
Wata uwa, Asawase

AMSA: Mama, kada ki sayar da filin nan, kuma ki adana takardunsa inda hannu ba zai kai ba. Littafin da shugaban ke riƙe da shi ne ya hana abin da yake yi. A Matiyu 24:36 da Markus 13:32 Yesu ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'iku, sai Uba kaɗai. Da almajirai suka tambaye shi ko lokacin maido da mulki ya yi, a Ayyukan Manzanni 1:7, ya ce sanin lokatai ba nasu ba ne.

Ga yadda masu sa rana suke yin lissafinsu, domin in kin gane shi ba zai ba ki tsoro ba. Mutum zai ɗauki wata lamba daga annabci, ya mai da kwanaki shekaru, sa'an nan ya zaɓi shekarar da zai fara ƙirga. A mataki na ukun nan ɓarnar take, domin shi da kansa yake zaɓa. William Miller, wani mai wa'azi a Amurka, ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14, ya fara daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu, lissafi ya kai shi 1843. Da shekarar ta wuce, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Wasu manoma ba su girbe amfanin gonarsu ba. Gari ya waye kamar kullum. Shaidun Jehobah sun ɗauki shekara 2,520 suka fara daga 607 kafin haihuwar Almasihu, shekarar da suka ce Urushalima ta faɗi, suka sauka a 1914, alhali masana tarihi suna sa faɗuwar Urushalima a 587 ko 586. Harold Camping, mai wa'azi a rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba. Ƙa'ida kusan ɗaya, amsa daban daban.

Wani lokaci abin ba ya tsayawa a asarar dukiya. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, wata ƙungiya ta sa mabiyanta sun sayar da kayansu saboda duniya za ta ƙare a ƙarshen 1999. Da ba ta ƙare ba mutane suka fara neman kuɗinsu. Ranar 17 ga Maris 2000 aka ƙone ɗaruruwa a cikin ɗakin ibada, aka kuma tono wasu gawarwakin daga baya, jimla fiye da mutum 700.

Kada ki yi masa dariya ko ki zage shi, hakan zai ƙara tura shi wurinsu, domin sun riga sun gaya masa dangi za su ƙi shi. Ki zauna da shi ya karanta ayoyin nan da bakinsa, ki ƙara masa da 2 Tasalonikawa 3:10-12. Mutanen Tasalonika ma sun damu da zancen zuwan ranar, wasunsu kuma sun bar aiki, sai Bulus ya rubuta musu cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ki je wurin maigidansa na walda ki roƙe shi ya riƙe masa gurbinsa. Ki sa kawunsa da faston cocinku su yi magana da shi, kuma su tambaye shi abu ɗaya: in duniya za ta tashi a watan nan, me shugaban zai yi da kuɗin fili? In kika ji an fara hana 'yan ƙungiyar shan magani, ko sa yara dogon azumi, ko kwashe su zuwa daji a raba su da waya, wannan ya wuce nasiha, ki sanar da 'yan sanda a ranar.

TAMBAYA: Kakata ta ƙi yin Ghana Card, wai shi ne 666. Gaskiya ne?
Wata matashiya, Sawaba

AMSA: 'Yar'uwa, a karanta wa Kaka Wahayi 13:15-18 da 14:9. Alamar da aka ambata a hannun dama ko a goshi take, kuma a haɗe take da yi wa wata dabba sujada, dabbar da aka ce lambarta 666 ce. Katin aljihu da hukuma ke bayarwa ba ya neman kowa ya bar imaninsa. Kafin shi an faɗi haka a kan zanen layukan da ke jikin kayan kanti, aka sake faɗa a kan rigakafin korona. Masana da yawa suna ganin lambar tana nufin Nero, sarkin Roma daga shekara ta 54 zuwa 68 wanda ya tsananta wa Kirista, domin haruffan sunansa da laƙabinsa a Ibrananci suna ba da 666 in an haɗa lambar da kowane harafi yake wakilta. Masu jiran cikar annabcin nan gaba su ma yawancinsu sun yarda cewa ba a karɓar alamar bisa kuskure ko cikin rashin sani. Tun Yulin 2022 bankuna suke neman katin kafin a yi hulɗa da su, layin waya ma da shi ake rajista, don haka ki nemi fastonta ya yi mata bayani, sa'an nan ki raka ta ofishin da ke kusa da ku.