An duba ta an ce ba komai, in bar maganar ke nan?

Tambaya: Likita, wata ɗalibata 'yar shekara 9 ta gaya min wani babba a gidansu yana taɓa ta inda bai kamata ba. Na sanar da mahaifiyarta, sai ta kai ta wajen wata mata ta duba, aka ce budurcinta na nan, wai yarinyar ƙarya take. Shugaban makarantarmu ya ce in cire hannuna. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malama, kada ki cire hannunki. Wannan "an duba ba komai" ita ce maganar da ta fi ƙona min rai a aikin nan, kuma kullum sai na ji ta. Babu idon da zai kalli gaban yarinya ya yanke cewa an taɓa ta ko ba a taɓa ta ba, ko idon likita ne. Halittar wurin ta bambanta daga yarinya zuwa yarinya, fatarsa tana miƙewa, rauni kuma yana warkewa cikin 'yan kwanaki. Yawancin yaran da aka tabbatar an ci zarafinsu, in aka duba su ba a ganin alamar komai. Ita taɓawa da hannu ma wace alama za ta bari? A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina gwajin budurci ɗungurungum, domin ba shi da tushe a ilimin likitanci. Amma har yau sai a kwantar da yarinya a gaban mai dubawa da fitilar waya, a ƙara mata wani tozarcin, sannan a mayar da ita gidan da mutumin yake, an laƙaba mata sunan maƙaryaciya. Gobe wa za ta sake gaya wa?

Rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, ki sa kwanan wata. Kada ki titsiye ta da tambayoyi, kada kuma a haɗa ta da mutumin wai don a ji ta bakin kowa. Ki kai rahoto ofishin jin daɗin yara ko ga 'yan sanda, a kai ta asibiti yau: in har ya sadu da ita, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi.

Shi kuma shugabanku, a tuna masa cewa sashe na 19 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wanda ya ce a kare yaro daga cin zarafi, ya ambaci duk wanda yaro ke hannunsa, makaranta na ciki. Bincike aikin hukuma ne, ba sai kin riƙe hujja za ki kai rahoto ba.